KALMOMIN ƘYAMA A INGILISHI DA TAKWARORINSU A TURKANCI

1. Gabatarwa

Wanda ya buɗe ƙamus na Ingilishi zuwa Turkanci ya nemi kalmar *disgust* zai tarar an ba shi *iğrenme* da *tiksinti*, wani lokaci har da *nefret*. In ya juya shafi ya nemi *revulsion*, ko *loathing*, ko *abhorrence*, ko *repugnance*, galibi waɗannan kalmomi uku zai sake tararwa, an dai sauya musu jeri. Ɗalibi ya kan ɗauka daga nan cewa Ingilishi ya fi Turkanci wadata a wannan fage, ko kuwa kalmomin Ingilishin duk abu guda su ke nufi. Zato biyun nan duka kuskure ne, kuma manufar wannan takarda ita ce a nuna inda kuskuren ya ke.

Maganar ba ta tsaya ga masu fassara kaɗai ba. Tun 1872, sa'ad da Charles Darwin ya buga littafinsa *The Expression of the Emotions in Man and Animals*, masu nazarin halin ɗan Adam su ke lissafa *disgust* cikin abubuwan da kowane mutum ya ke ji a ransa, ko wace ce ƙabilarsa. A 1971 Paul Ekman da Wallace Friesen suka ba da rahoton binciken da suka yi wurin mutanen Fore na tsibirin Niyu Gini, suka ƙarfafa ra'ayin cewa yamutsa fuska irin ta ƙyama abu ne da dukan mutane suka yi tarayya a kansa. Amma a 1986 Anna Wierzbicka ta yi nuni da cewa harshenta na haihuwa, watau harshen Polan, ba shi da kalmar da ta yi daidai da *disgust* sak. Tambayar da wannan ya haifar ita ce: in an ce *disgust* na kowa ne, abin da jiki ke ji a ke nufi, ko kuwa iyakar da Ingilishi ya shata masa? Ba a iya amsawa sai an gwama harsuna kalma da kalma. Turkanci ya dace da wannan gwaji, domin ba shi da dangantakar jini da Ingilishi, ga shi kuma yana da rubutaccen tarihi na fiye da shekara 1000.

Domin sauƙin karatu, a lura cewa a rubutun Turkanci harafin *ç* shi ne *c* na Hausa, *ş* shi ne *sh*, *c* kuma *j* ne. Harafin *ğ* ba ya fita sosai a baki, aikinsa galibi jan wasalin da ya gabace shi ne, saboda haka *iğrenç* a kunne kamar "iirenc" ta ke. Harafin *ı* marar ɗigo wasali ne dabam da *i*, ana furta shi daga can ƙuryar baki ba tare da an kewaye leɓe ba.

2. Kalmomin Ingilishi da asalinsu

Abin da ya fara ba mai nazari mamaki shi ne ƙuruciyar kalmar *disgust* kanta. Ba ta shiga Ingilishi ba sai wajen shekarar 1600, daga Faransanci *desgoust*, wadda ta haɗa ɗafa-goshi mai kore ma'ana da *goust*, "ɗanɗano", daga Latin *gustus*. Shakespeare, wanda ya rasu a 1616, bai yi amfani da ita ba, ko da ya ke wasanninsa cike su ke da zancen ruɓa da ɗoyi da ƙazanta. William Ian Miller ya jawo hankali ga wannan a littafinsa *The Anatomy of Disgust* na 1997. Kafin zuwanta Ingilishi yana da nasa kalmomi na gado. Akwai *loathe*, daga tsohon Ingilishi *lath*, "abin ƙi", 'yar'uwar *Leid* ta Jamusanci. Akwai *foul*, wadda daga gare ta *filth* ta fito. Akwai kuma *wlatsom*, wadda a ke samu a rubutun Chaucer a ƙarni na 14, amma ta mutu ba ta bar magaji ba.

Sauran kalmomin, in aka tone su, kowace tana ɗauke da hoton wani motsi na jiki ko wata al'ada:

*Revulsion* daga Latin *revellere* ta ke, "fizge baya". Da farko kalmar likitoci ce, a ƙarni na 16: janye jini ko ruwan jiki daga gaɓar da ke ciwo zuwa wata gaɓa. Sai a ƙarni na 19 ta zama sunan zaburar da mutum ke yi ya ja da baya daga abin ƙi.

*Repulsion* da *repulsive* da *repellent* daga *repellere* su ke, "tunkuɗe". A nan abin ƙin ne ke ture mutum.

*Repugnance* daga *repugnare* ta ke, "mai da martanin faɗa", kuma a gindinta akwai *pugnus*, "dunƙulen hannu". Shi ya sa har yau ta fi dacewa da abin da ya saɓa wa hankali ko ɗabi'a, lauyoyi ma su kan ce wata doka tana *repugnant* ga wata, watau tana karo da ita.

*Abhor* daga *horrere* ta ke, "miƙewar gashi", abin da Bahaushe ke kira tashin tsikar jiki.

*Abomination* daga *omen* ta ke, "alamar abin da zai auku", watau abin da a ke gudu saboda shu'umcinsa. Marubutan zamanin tsakiya sun zaci daga *ab homine* ta fito, "nesa da mutum", har suka riƙa saka mata *h* suna rubuta *abhominable*. Kuskuren ya bar tabo a ma'anar, domin har yanzu kalmar tana nuna abin da ya fita daga halin mutuntaka.

*Detest* daga *detestari* ta ke, la'antar abu tare da kafa abin bauta shaida.

*Nausea* daga Girkanci ta ke, tushenta *naus*, "jirgin ruwa": tashin zuciyar da tangaɗin jirgi ke sa wa.

A bayan waɗannan akwai kalmomin baka na zamani. *Gross*, wadda asalinta "kauri" ne, ta sami ma'anar abin ƙyama a bakin matasan Amurka a rabin ƙarni na 20 na biyu, haka kuma motsin ran nan *yuck*. *Ugh* ta girme su nesa.

Yawan nan yana da dalili na tarihi. Bayan da Normandawa suka ci Ingila a 1066, Faransanci ya zama harshen fada da shari'a, Latin kuwa na coci da makaranta, sai Ingilishi ya tara kalmomi hawa uku a kan ma'ana guda. Saboda haka bambancin da ke tsakanin *gross* da *disgusting* da *abhorrent*, rabinsa bambancin matsayi ne: ta farko ta ɗakin kwanan ɗalibai ce, ta biyu ta kowa da kowa, ta uku ta alƙali da mai wa'azi. Ɗaya rabin shi ne na ma'ana, kuma shi za a bi a sashe na 5.

3. Kalmomin Turkanci da asalinsu

Turkanci yana da aikatau, watau fi'ili, guda biyu na gado waɗanda su ne ginshiƙin wannan fage: *iğrenmek* da *tiksinmek*.

*İğrenmek* tsohuwar kalma ce ƙwarai. Siffarta ta da, *yigren-*, tana cikin ƙamus ɗin Mahmud na Kashgar, *Diwan Lughat al-Turk*, wanda ya rubuta da Larabci tsakanin 1072 da 1074 domin ya koya wa Larabawa harshen Turkawa. Waɗansu masana asalin kalmomi suna danganta ta da *yig*, "ɗanye", watau ƙin cin naman da bai nuna ba. In haka ne, to, ita ma daga baki ta faro kamar *disgust*. 'Yan'uwanta suna nan a sauran harsunan dangin: a harshen Azarbaijan *iyrənmək* ce, da ma'ana iri ɗaya, a harshen Turkumanawa kuwa *ýigrenmek* ta gusa ta zama "tsana". Wannan gusawa daga ƙyama zuwa tsana ita ce hanyar da *loathe* ta bi a Ingilishi, sai dai a Turkancin Turkiyya kalmar ba ta bi ta ba.

Ƙamus ɗin hukumar harshe ta Turkiyya yana bayyana kowace ɗaya daga cikin aikatau biyun da 'yar'uwarta, kuma a jimloli da yawa ana iya musanya su ba tare da ma'ana ta jirkita ba. Inda suka rabu a fili shi ne wajen 'ya'yan da suka haifa. Sifar da ke bakin kowa daga *iğrenmek* ta fito, watau *iğrenç*, "abin ƙyama". Takwararta *tiksinç* tana nan, amma ba a cika jinta ba, an fi cewa *tiksindirici*. Sunan abin da a ke ji kuwa daga *tiksinmek* ya fi fitowa, watau *tiksinti*, alhali *iğrenti* tana can gefe. Shi ya sa da aka mai da fim ɗin Pixar na 2015, *Inside Out*, zuwa Turkanci, aka sa wa 'yar wasan da a ke kira Disgust suna Tiksinti. Ke nan inda Ingilishi ya ke da *disgust* da *disgusting* daga tushe guda, Turkancin yau da kullum yana da *tiksinti* da *iğrenç* daga tushe biyu.

Rukuni na biyu shi ne na maganganun da aka gina a kan ciki. *Mide* ita ce tumbi, aro daga Larabci. *Bulanmak* kuwa ainihin ma'anarta "gurɓacewa" ce, irin ta ruwan da aka dama, *bulanık su* shi ne ruwa mai laka. Saboda haka *midem bulanıyor* a zahiri "tumbina yana gurɓacewa" ne, watau zuciyata tana tashi. Daga nan a ke samun *bulantı*, sunan tashin zuciya, wanda shi ne sunan da aka ba littafin Jean-Paul Sartre na 1938, *La Nausée*, a fassararsa ta Turkanci. Baturke ya kan sa *iç*, "ciki", ko *gönül*, "zuciya", a gurbin *mide*, ya ce *içim bulandı* ko *içim kalktı*, "cikina ya tashi". Na biyun nan ya yi kusa ƙwarai da tashin zuciya na Hausa. Akwai kuma *midesi almamak* da *midesi kaldırmamak*, tumbi ya ƙi karɓa ko ya kāsa ɗauka.

Rukuni na uku aro ne daga Farisanci, kuma abin ƙin su ke siffantawa. *Pis* ita ce "ƙazami". *Murdar* a Farisanci mushe ne, a Turkanci kuma tana nufin dabbar da ba a yanka ba, da duk abin da ya ƙazantu. *Çirkin* daga *çirk* ta ke, "dauɗa" ko "mugunya", amma yanzu ta koma "mummuna", ko a fuska ko a hali.

Rukuni na huɗu aro ne daga Larabci, daga saiwoyi biyu. Daga *n-f-r*, wadda ke nuna zaburar dabba ta gudu, aka sami *nefret* da *menfur* da *teneffür*. Daga *k-r-h* aka sami *ikrah* da *istikrah* da *kerahet* da *kerih* da *müstekreh* da *mekruh* da *kerhen*. A zamanin Daular Usmaniyya waɗannan su ne kalmomin rubutu, matsayinsu kamar na *abhorrence* da *repugnance* a Ingilishi, kuma suna cike a ƙamus ɗin James Redhouse na 1890. Amma a 1928 Turkiyya ta bar haruffan Larabci ta koma na Latin, a 1932 kuma aka kafa ƙungiyar da ta zama hukumar harshe, Türk Dil Kurumu, wadda babban aikinta a farko shi ne kawar da kalmomin Larabci da na Farisanci. Geoffrey Lewis ya ba da tarihin wannan gyara a littafinsa na 1999. Sakamakonsa a fagen ƙyama shi ne *istikrah* da *teneffür* da *müstekreh* sun fita daga amfanin yau da kullum, sai a tsofaffin littattafai. *Nefret* ta tsira da ƙarfinta. *Mekruh* ta tsira a fikihu, *menfur* a jawabin hukuma, *kerhen* da ma'anar "ba da son rai ba". Wannan shi ne babban dalilin da ya sa ƙamus na zamani ke maimaita kalmomi uku a gaban kalmomin Ingilishi biyar ko shida. Hawan da zai amsa wa kalmomin Latin na Ingilishi ya taɓa kasancewa a Turkanci, da gangan aka rushe mafi yawansa cikin ƙarni na 20.

4. Bambancin nahawu

Harsunan biyu ba su tsara jimlar ƙyama hanya ɗaya ba. A Ingilishi siffar asali ita ce wadda abin ƙin ke aikatawa, mutum kuma yana karɓa:

(1) *This smell disgusts me.*

In ana so a sa mutumin a gaba, sai an juya jimlar an ce *I am disgusted by this smell*. Haka *revolt* da *repel* da *sicken* da *nauseate* su ke. *Loathe* da *abhor* da *detest* kuwa akasin haka ne, mutum ne mai aikatawa: *I loathe him*. Wannan rabuwa ta nahawu tana tafiya tare da rabuwar ma'ana. Rukunin farko abu ne da ke auka wa mutum nan take. Na biyu hali ne da ya zauna masa a zuciya.

A Turkanci siffar asali ita ce wadda mutum ke gaba, abin ƙin kuma yana ɗaukar ɗafa-ƙeya mai ma'anar "daga", wadda ke zuwa a siffa huɗu, *-den*, *-dan*, *-ten*, *-tan*, gwargwadon wasali da baƙin da suka gabace ta:

(2) *Bu kokudan iğreniyorum.* Ina ƙyamar wannan wari.

(3) *Çiğ etten tiksinirim.* Na kan ji ƙyamar ɗanyen nama.

(4) *Yalancılardan nefret ederim.* Na tsani maƙaryata.

In ana so a faɗi abin da jimla ta (1) ta faɗa, sai an ƙara ɗafa-ƙeyar sa wa, *-dir*, a ce *Bu koku beni iğrendiriyor*, "wannan wari yana sa ni ƙyama". Watau abin da Ingilishi ya ɗauka asali, Turkanci ƙirƙiro shi ya ke yi, abin da Turkanci ya ɗauka asali kuma Ingilishi sai ya juya jimla kafin ya kai gare shi.

Ɗafa-ƙeyar "daga" ta haɗa aikatau na ƙyama da na tsoro, *korkmak*, da na kunya, *utanmak*, da na gundura, *bıkmak* da *usanmak*, da na gudu, *kaçmak*. Yana da daɗi a ce Turkanci ya tara duk abin da a ke ja da baya daga gare shi a aji guda, amma tilas a yi hattara, domin *hoşlanmak*, "jin daɗin abu", ita ma wannan ɗafa-ƙeya ta ke ɗauka. Abin da ya tabbata shi ne aikatau na fushi ba sa cikin ajin. *Kızmak* da *öfkelenmek* ɗafa-ƙeyar "zuwa ga" su ke ɗauka, *-e* ko *-a*:

(5) *Ona kızdım.* Na yi fushi da shi.

Saboda haka Baturke ba ya iya gina jimlarsa sai ya zaɓa, ko "daga gare shi", ko "zuwa gare shi". Bature kuwa yana iya cewa *disgusted* ya bar mai sauraro ya gane wanne ya ke nufi.

5. Inda suka dace da inda suka saɓa

A kan abin ƙi na zahiri, ruɓaɓɓen abinci, ko amai, ko gawa, harsunan biyu sun dace sarai. *Disgusting* da *revolting* da *gross* duk *iğrenç* ne, *nauseating* da *sickening* kuma *mide bulandırıcı*. Ko motsin rai yana da takwara: inda Bature ke cewa *yuck* ko *ugh*, Baturke ya kan ce *ıyy* ko *öğ*, ta biyun tana kwaikwayon kakarin amai, wanda aikatau ɗinsa *öğürmek* ne. Har a kan tunanin gurɓatawa sun dace. A 1986 Paul Rozin da abokan aikinsa suka nuna cewa mutane suna ƙin shan ruwan 'ya'yan itace in an tsoma mataccen kyankyaso a ciki, ko da an tabbatar musu an kashe duk ƙwayoyin cutar da ke jikinsa. Turkawa suna da karin magana a kan wannan tun tuni: *Sinek küçüktür ama mide bulandırır*, ƙuda ƙarami ne amma yana ta da zuciya.

Saɓanin yana farawa ne sa'ad da aka bar abin zahiri. Wurare biyar sun isa misali.

Na farko, *disgusted* mai ma'anar fushi. Bature ya kan ce *I am disgusted with the council* saboda ba a gyara hanya ba, ko *I am disgusted with myself* saboda ya makara jirgi ya tashi. A Ingila har akwai laƙabin ba'a, *Disgusted of Tunbridge Wells*, na mutumin da ke rubuta wa jarida wasiƙar ƙorafi a kan lalacewar zamani. Babu tashin zuciya a cikin wannan ko kaɗan. A 2002 Robin Nabi ta buga binciken da ya nuna cewa in an ce wa masu jin Ingilishi su tuna lokacin da suka ji *disgusted*, abin da su ke bayarwa ya fi kama da fushi, *grossed out* ce ke jawo labarin ƙyama ta ainihi. Mai fassarar da ya mai da *disgusted with myself* ya zama *kendimden iğreniyorum* ya sa wa mai magana nauyin da bai ɗauka ba, domin a Turkanci wannan furucin wanda ya aikata abin kunya mai girma ne. Wanda ya makara *kendime kızıyorum* zai ce. Wanda ke tir da hukuma kuma *kınamak* zai yi amfani da ita, ko ya ce *ayıp*, wadda ita ce aibi ta Hausa, ko *rezalet*, ko *yazıklar olsun*.

Na biyu, *loathe* da *detest* da *abhor*. Waɗannan suna tsakanin ƙyama da tsana, Turkanci kuwa ya raba biyun. *Nefret* a yau tsana ce tsantsa, kishiyar so, ita ce a *nefret suçu* da *nefret söylemi*, laifi da kalaman ƙiyayya. Saboda haka *I loathe him* tana iya zama *ondan nefret ediyorum* ko *ondan tiksiniyorum*, sai an duba dalilin ƙin. In cutarwa ce ta jawo shi, ta farko. In raini ne da ƙin kusanta, ta biyu.

Na uku, *sick of*. A nan Ingilishi ya ari kalmar ciwo da amai ya faɗi gundura. Turkanci yana da nasa aikatau na musamman: *Beklemekten bıktım*, jira ya gundure ni. Akwai kuma *gına geldi*, daga kalmar Larabci mai nufin wadatuwa, wadda ta yi daidai da ginsa ta Hausa.

Na huɗu, *repulsive* da *itici*. A ƙira kamar tagwaye su ke, domin *itici* daga *itmek* ta ke, "turawa". Amma *itici* mai sauƙi ce, ana faɗinta ga mutumin da halinsa ko muryarsa ba ta jawo mutane. *Repulsive* ta fi ta zafi nesa, *iğrenç* ce takwararta.

Na biyar, maganganun tumbi. *Mide bulandırmak* tana da ma'ana ta biyu wadda *nauseate* ba ta da ita, watau sa zargi: cinikin da ke "gurɓata tumbi" shi ne wanda a ke jin akwai lauje cikin naɗi a cikinsa. Ingilishi hanci ya ba wannan aiki, ya ce abu yana *fishy*. Haka nan *midesiz*, "marar tumbi", a Turkanci shi ne wanda ba ya ƙyamar kome, mai cin duk abin da ya samu. Bature zai ce irin wannan mutum yana da *strong stomach*, in kuwa ya ce wani ba shi da *stomach* na yin abu, rashin ƙarfin hali ko rashin sha'awa ya ke nufi. Fassarar kalma da kalma a nan akasin ma'ana ta ke haifarwa.

6. Harshen addini

A littattafan addini ne a ke ganin sauyin ƙarni na 20 ƙarara. Kalmar *abomination*, wadda ta yawaita a fassarar Baibul ta Sarki James ta 1611, fassarar Turkanci ta 1941 da *mekruh* ta kan mai da ita, ta 2001 kuwa da *iğrenç*. Dalili shi ne a tsakanin shekarun nan *mekruh* ta ƙuntata, ta koma kalmar fikihu kawai: abin da shari'a ta ƙi amma ba ta haramta ba. Turkawa mafi yawansu Hanafawa ne, suna kuma raba shi biyu, *tahrimen mekruh* mai kusa da haram, da *tenzihen mekruh* mai kusa da halal. Ita ce makaruhi ta Hausa, wadda ita ma a fikihu ta tsaya. Mai karatu na yau in ya ga *mekruh* ba ya jin tsikarsa ta tashi, hukunci mai sauƙi ya ke ji, saboda haka kalmar ba ta iya ɗaukar nauyin *abomination* kuma.

Ta ɗaya gefen, a aya ta 12 ta Suratul Hujurati, inda aka kwatanta giba da cin naman ɗan'uwa matacce, aikatau ɗin Larabcin daga saiwar *k-r-h* ya ke. Fassarar hukumar addini ta Turkiyya, Diyanet, ba ta ɗauki ɗaya daga cikin kalmomin aro na wannan saiwa ba, *tiksinmek* ta sa. Watau a inda a ke bukatar mai karatu ya ji abin a jikinsa, kalmar gado aka koma wa.

7. Abin da ya shafi malamai da masu ƙamus

Daga abin da ya gabata ana iya amsa tambayar farko gwargwado. Akwai cibiya wadda harsunan biyu suka yi tarayya a kanta, ita ce ƙin abin da zai shiga baki ko ya taɓa jiki ya gurɓata shi, kuma a nan *disgust* da *iğrenmek* da ƙyama duk wuri guda su ke nunawa. Kewayen cibiyar ne kowane harshe ya shata yadda ya ga dama. Ingilishi ya bar *disgust* ta malala cikin fushi, ya bar *loathe* ta malala cikin tsana, ya bar *sick* ta malala cikin gundura. Turkanci ya ware wa kowanne nasa aikatau, amma ya bar tashin zuciya ya malala cikin zargi. Mai binciken da ya fassara takardar tambayoyi daga Ingilishi ya sa *tiksinti* ko'ina a gurbin *disgust* yana iya samun amsoshin da suka bambanta da na Turawa, ya zaci mutanen ne suka bambanta, alhali kuwa tambayar ce ta sauya a hannunsa.

Ga malamin kwalejin horon malamai, hanyar da ta fi amfani ita ce kada a koyar da irin waɗannan kalmomi a jere kamar masu ma'ana ɗaya. A ba ɗalibi jimla cikakkiya, sa'an nan a sa ya amsa tambaya uku kafin ya fassara: abin da a ke ƙi na zahiri ne ko hali ne, mai maganar ja da baya ya ke yi ko faɗa ya ke ji, kuma a wane zaure a ke maganar, kasuwa ko kotu ko mumbari. Mai haɗa ƙamus kuma ya kamata ya raba *disgust* gida biyu aƙalla, ya ba kowane gida jimlar misali da ɗafa-ƙeyar da aikatau ɗinsa ke ɗauka. Wannan aiki yana jiran masu ƙamus na Ingilishi zuwa Hausa su ma, domin ƙyama da ƙyanƙyami da tsana da tashin zuciya da gundura da tir ba su rabu a kan layin da kalmomin Ingilishi suka rabu ba.